VC10: Tarihin Jirgin Saman Da Aka Ƙera Saboda Zafin Kano

 Yau ina so mu ɗan ajiye zancen kasuwa da na siyasa, mu waiwayi tarihin wani tsohon jirgin sama na fasinja mai suna Vickers VC10. Na san wani zai ce, to me ya haɗa mutumin Majidaɗi da jirgin Ingila wanda rabonsa da jigilar fasinjojin kasuwa tun 1981? Abin da ya haɗa mu da shi Kano ce. Sunan Kano na cikin dalilan da suka sa aka zana wannan jirgi tun farko, Nijeriya ce ƙasar da ya fara zuwa ranar da ya kama aiki, kuma daga Kano ɗaya daga cikinsu ya yi tashinsa na ƙarshe. Ban da wannan, akwai abin lura a cikin labarinsa ga duk wanda ya san ma'anar zango, mu kuwa 'ya'yan zango ne.

Kano, zangon jiragen sama

Kafin mu zo kan jirgin kansa, ya kamata mai karatu ya san matsayin da Kano take da shi a wancan zamani. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, wasu ƙananan jirage guda 3 na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Helwan ta ƙasar Masar, bayan sun ratso ta Sudan da Chadi da Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, daga baya a cikin shekarar ya miƙa har Ikko. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, daga 1940 Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yanzu), Alfashir da Hartum har zuwa Alƙahira. In ka lura da kyau, daga Kano zuwa Hartum kusan hanyar da kakanninmu suka riƙa bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka ke nan, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu ma su zauna a Sudan ɗin dungurungum.

Bayan yaƙi sai Kano ta zama wurin da ba makawa sai an tsaya. Jiragen lokacin masu farfela ne, ba sa iya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu a tashi ɗaya, ga kuma hamadar Sahara a tsakani. Saboda haka duk wanda ya ƙetaro hamada sai ya sauka Kano ya sha mai, fasinjoji su miƙe ƙafa, su sayi kayan fata da na tagulla a hannun 'yan koli, sannan a ci gaba. Kamfanin KLM na Holan ya fara sauka Kano tun 1947, ga BOAC na Ingila, ga Sabena na Beljiyam. Har yau akwai hotunan shekarun 1950 da ke nuna mutum bisa raƙumi a filin jirgin yana busa kakaki domin sanar da isowar jirgi. Wato dai abin da Fagge ta kasance ga ayarin raƙuma, shi filin jirgin Kano ya zama ga jiragen sama.

Matsalar zafi

A ƙarshen shekarun 1950 aka shiga zamanin jirage masu injin jet, kuma Boeing 707 na Amurka shi ne ya yi zarra. BOAC ya sayi nasa, sai dai ya tarar da wata matsala a hanyoyinsa na Afirka da Asiya. Jirgin sama da iska yake tashi: ita fuka-fukansa ke dogara a kai, ita kuma injinsa ke zuƙa ya haɗa da mai ya ƙona. To ita iska, in rana ta yi zafi ko kuma wuri ya yi tudu sosai, sai ta yi shara-shara, kaurinta ya ragu. In haka ta faru inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma ba ya samun abin riƙewa da wuri, dole jirgi ya yi doguwar gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Idan titin filin gajere ne kuwa, sai dai a rage fasinja, ko kaya, ko mai. Nairobi tana bisa tudun da ya haura mita 1,600 daga teku. Kano ba ta kai ko mita 500 ba, amma duk wanda ya yi bazara a can ya san yadda zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu. Samfurin farko na 707 ba ya iya tashi da cikakken lodi daga irin waɗannan filaye, kuma Kano da Nairobi na cikin misalan da aka riƙa bayarwa.

Wannan ne ya sa BOAC ya nemi a ƙera masa jirgi na musamman, kuma a watan Janairu 1958 ya sa hannu da kamfanin Vickers a kan guda 35. Dabarar da injiniyoyin suka yi ita ce, suka kwashe injuna 4 ƙirar Rolls-Royce Conway daga ƙarƙashin fuka-fukai suka maƙala su a gindin wutsiya, biyu dama biyu hagu, suka kuma ɗaga ƙaramin fiffiken baya can ƙololuwar wutsiyar. Da haka manyan fuka-fukan suka zama fayau ba abin da ya rataya a jikinsu, aka samu damar sa musu faffaɗan marafai masu buɗewa gaba da baya, waɗanda ke sa jirgi ya tashi ko ya sauka ba tare da ya yi gudu mai yawa ba. Injunan kuma da yake sun yi nisa da ƙasa, ba sa yawan zuƙar tsakuwa da tarkacen titi. Wata riba da fasinja ya samu ita ce, tun da ƙarar duk tana baya, cikin jirgin shiru yake. Na waje ne ke shan ƙara, domin VC10 ya yi suna wajen rugugi in zai tashi.

Jirgin gwaji na farko ya tashi ranar 29 ga Yuni 1962 daga masana'antar kamfanin da ke Brooklands, kudu da Landan.

Fara aiki

Ranar 29 ga Afrilu 1964 VC10 ya ɗauki fasinjojin kuɗi a karon farko, kuma hanyar da aka zaɓa ita ce Landan zuwa Ikko. Lokacin Nijeriya ba ta cika shekara 4 da samun 'yanci ba, Sardauna Ahmadu Bello na Firimiyan Jihar Arewa, Sarkin Kano Ado Bayero kuwa bai ko shekara a gadon sarauta ba. Daga nan Kano ta zama ɗaya daga cikin tashoshinsa na yau da kullum a wannan hanya. Samfurin farko yana ɗaukar mutum 109 a tsarin kujerun BOAC, tsawonsa ya ɗan haura mita 48. A 1965 aka fito da babban wansa, Super VC10, wanda ya fi shi tsawo da kimanin mita 4, aka sa shi a hanyar Landan zuwa Amurka.

Kamfaninmu na ƙasa, Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fuka-fukai, an kafa shi ne a 1958 bayan wargajewar kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila. Shi ma ya yi odar VC10 guda 2, amma rashin kuɗi ya sa ya janye, ya koma yin hayar na BOAC, har aka yi wa ɗaya fenti da launi da sunan Nijeriya. Maƙwabtanmu na Gana, a zamanin Kwame Nkrumah, su sun sayi nasu guda 2, suna tashi daga Akra, wadda fatakenmu na goro ke kira Ankara. Kamfanin haɗin gwiwar Kenya da Uganda da Tanzaniya shi ma ya sayi Super VC10 guda 5. Ka ga ke nan ban da Ingila, Afirka ce gidan wannan jirgi.

Mu kuma muna ina a lokacin?

A 1964 babu jihar Taraba, babu ma Gongola. Jalingo hedikwatar Masarautar Muri ce a cikin Lardin Adamawa. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a matsayin sansanin yaƙi a 1893 ya riga ya tara baƙi, fatake da malamai da mahauta da maɗinka daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja, suka zauna a unguwannin da har yau ke amsa sunayen sarautu, irin su Majidaɗi da Barade da Turaki da Sarkin Dawaki. Dattawan da na taso na tarar a unguwarmu, in suna ba da labarin zuwa ganin gida a waɗannan shekaru, da kwanaki suke lissafa tafiyar: a hau babbar mota bisa kaya, a jira jirgin fito a bakin Binuwai domin ba a gina gadar Numan ba tukuna, in damina ce kuma a yi ta fama da laka. Wato wanda ya shiga VC10 a Landan da dare yana iya karya kumallo a Kano, alhali ɗan'uwansa da ya bar Jalingo a daren bai ma ga ƙurar Bauci ba.

Gaskiya ne, talaka bai hau wannan jirgi ba. Kujerunsa na manyan ma'aikatan gwamnati ne, da Turawan kamfanoni, da manyan attajirai, da ɗaliban da gwamnatin Arewa ke turawa karatu Ingila. Amma amfaninsa ya iso mu ta bayan gida. Wasiƙun da ke zuwa daga waje ta Kano suke shigowa, ƙananan jiragen cikin gida irin su Fokker F27 da aka kawo a 1963 su rarraba fasinja da saƙo zuwa garuruwa irin su Jos da Maiduguri da Yola. Likitoci da injiniyoyi da malaman makarantar da suka riƙe Arewa bayan tafiyar Turawa, da yawansu ta wannan ƙofa suka fita suka dawo. Harkar aikin hajji ta sama ma a Kano ta kafu, tun daga ƙungiyar jigilar alhazai da su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa a ƙarshen shekarun 1940, wadda daga sunanta ne aka samu Wapa da kowa ya sani a Fagge.

Labarin 5N-ABD

A cikin dukkan jiragen VC10 akwai guda ɗaya da ya zama namu na kanmu. Shi ne na farko a jerin waɗanda aka ƙera wa BOAC, lambarsa ta Ingila G-ARVA. Ya fara tashi a ƙarshen 1962, ya daɗe ana gwaje-gwaje da shi kafin a miƙa shi ga kamfanin, sannan ya yi shekaru yana jigila. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Nigeria Airways ya saye shi, aka ba shi lambar Nijeriya 5N-ABD. Bayan shekaru 5 ana haya, ƙasa ta mallaki babban jirgin jet nata.

'Yan makonni kawai ya yi a hannunmu. Ya taso daga Landan, ya sauka Rum, ya sauka Kano, wasu suka sauka wasu suka hau, ya kama hanyar Ikko da safiyar ranar 20 ga Nuwamba 1969. Yana cikin saukowa, tayoyinsa a waje, sai ya doki bishiyoyi kimanin kilomita 13 kafin titin filin jirgin Ikeja, ya faɗi ya kama da wuta. Fasinjoji 76 da ma'aikata 11, mutum 87 ke nan, babu wanda ya tsira. Wannan shi ne haɗari na farko da VC10 ya yi wanda aka rasa rai a ciki.

Da yake lokacin yaƙi ne, jita-jita ba ta yi wuyar yaɗuwa ba, musamman da aka tsinci bindigogi 3 a cikin tarkacen. Aka riƙa cewa faɗa ne ya ɓarke a cikin jirgin. Masanin makamai da aka kira ya duba ya tabbatar ba a harba ko ɗaya daga cikinsu ba a kusa da lokacin. Na'urar da ke naɗar bayanan tafiyar jirgi kuma ba ta aiki a ranar, saboda haka masu bincike ba su iya yanke hukunci kai tsaye ba. Abin da suka fi rinjayarwa shi ne, matuƙan sun sauko ƙasa fiye da ƙima ba tare da sun ankara da tsayin da suke kai ba, alhali ba su hango ƙasa ba tukuna. Allah Ya kiyaye na gaba.

Bayan wannan Nigeria Airways bai ƙara sayen VC10 ba. A farkon shekarun 1970 ya koma kan Boeing 707, a 1976 kuma ya kawo DC-10.

Yadda zamani ya wuce shi

Abin mamaki, tun jirgin bai gama kama ƙasa ba dalilin ƙera shi ya fara gushewa. Ƙasashe sun ga cewa 707 da takwaransa DC-8 su duniya ta runguma, sai kowa ya shiga tsawaita titin filin jirginsa domin su iya sauka. Amurkawa kuma suka sa wa 707 sababbin injuna masu ƙarfi da sauƙin shan mai. Shi VC10, ƙarfin da aka ba shi don gajeren titi da zafi ya zo da nauyi, nauyi kuwa mai yake sha. Sai ya zama an biya kuɗin maganin cutar da ta riga ta warke. BOAC kansa ya nemi ya soke odar Super VC10 gaba ɗaya a 1964, gwamnatin Ingila ta shiga tsakani, aka tsaya a kan guda 17 maimakon 30. Fasinjoji dai sun so shi, har sukan zaɓe shi a kan 707 saboda shirunsa da laushin saukarsa, amma kamfanoni lissafin mai suke dubawa. A ƙarshe guda 54 kacal aka ƙera, alhali 707 ya doshi dubu. Na ƙarshensu ya fito a 1970, kuma na kamfanin Afirka ta Gabas ne.

Wasu daga cikinsu sun gamu da rikicin zamaninsu. Ɗaya daga cikin na Gana, wanda aka ba wani kamfanin Labanan haya, ya ƙone a filin jirgin Bairut a watan Disamba 1968 lokacin da sojojin Isra'ila suka kai hari. Wani na BOAC an yi fashinsa a watan Satumba 1970, aka kai shi wani fili a hamadar Jodan, aka fitar da mutanen ciki sannan aka tarwatsa shi. Na Afirka ta Gabas guda ya yi haɗari wajen tashi a Adis Ababa a watan Afrilu 1972, mutum 43 suka rasu. A ɓangaren abin alfahari kuwa, a 1979 wani Super VC10 ya ƙetare tekun Atilantika daga Amurka zuwa Sikotilan cikin awa 5 da minti 1, kuma in ka cire Concorde, ba a samu jirgin fasinja da ya karya wannan ba sai a 2020.

British Airways, magajin BOAC, ya sallami na ƙarshensa a watan Maris 1981. Amma jirgin bai mutu a nan ba. Sojan saman Ingila, wanda tun 1966 yake da nasa guda 14, ya sayi tsofaffin na kamfanoni, har da na Afirka ta Gabas da ya rushe a 1977, ya mai da su tankokin ba jiragen yaƙi mai a sararin sama. A haka suka yi aiki a Yaƙin Tekun Fasha na 1991 da Afganistan da Libiya, sai a watan Satumba 2013 aka yi musu ritaya, shekara 51 bayan tashin farko. Wanda ya kafa tarihin ƙetare teku yana ajiye a gidan tarihi na Duxford, wani kuma da Sarkin Oman ya yi amfani da shi yana Brooklands inda aka haife shi.

Abin da ya shafe mu

Abin da ya ci VC10 shi ya zo ya ci zangon Kano. Da jirage suka samu ƙarfin tashi daga Turai su dire Ikko ko Johannasbag ba tare da shan mai a hanya ba, sai suka riƙa wucewa ta saman Kano. Kamfanonin Turai suka janye ɗaya bayan ɗaya, KLM da ya fi kowa daɗewa ya tattara a 2012, bayan shekara 65. Nigeria Airways kuwa ya daina tashi tun 2003. Abin da ya riƙe filin jirgin Malam Aminu Kano bayan haka shi ne mutanen da Kanon kanta suke nufi ko daga cikinta suke fita, wato alhazai da 'yan kasuwa, da kamfanonin 'yan gida irin su Kabo Air da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin mun ga irinsa a bakin Binuwai. Ibi ta taɓa zama hedikwatar Lardin Muri kuma babbar tashar kamfanonin Turawa, Lau ita ce mashigar kayan Jalingo ta ruwa. Da mota ta karɓe lodi daga jirgin ruwa, sai harka ta bi kwalta ta bar su. Jalingo kuma da ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991 sai ta cika ta batse, har ta samu filin jirginta, wanda jiragen fasinja suka fara sauka a 2015, aka kuma sa masa sunan Gwamna Danbaba Suntai, shi kansa matuƙin jirgi, wanda ya yi haɗari kusa da Yola a watan Oktoba 2012 ya rasu a 2017. Zamani riga ne, yau a jikin wannan gari gobe a jikin wancan.

Yawancinmu abin da ya kawo iyayenmu nan shi ne tsayuwar matafiya: mai masauki, dillali, mai abinci a tasha, mai awo, ɗan kamasho. Sana'o'i ne na albarka, da su aka rene mu, amma duk sun dogara ne a kan wani ya tsaya. Ranar da aka yi sabuwar hanya ta bayan gari, ko mai kaya ya fara sayarwa ta waya kai tsaye ba tare da dillali ba, ranar za mu gane ko muna da abin da za a zo nema takanas a wurinmu. Shi ya sa nake ganin yaron da ke zaune a shagon babansa a babbar kasuwa ya kamata a haɗa masa da karatu da sana'ar hannu, kada a bar shi da jiran mai wucewa kawai.

Sai kuma batun ajiye tarihi. Turawa sun adana jiragensu a gidajen tarihi, jikoki na zuwa suna shiga suna gani. Namu guda ɗaya ya ƙone a dajin Ikko, kamfanin da ya saye shi ya bi bayansa. Abin da ya rage mana yana cikin adakar tsofaffi da kuma bakinsu: tsohon fasfo, tikitin jirgi, hoton da aka ɗauka a filin jirgin Kano ranar rakiya ko tarya. Ina roƙon duk wanda yake da dattijo a gida wanda ya yi tafiya a waɗannan shekaru, ta sama ce ko ta ƙasa, ya zauna da shi ya tambaye shi, ya rubuta shekara da hanya da abin da aka biya, ya kuma adana takardun kada gara ta riga shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zamanmu a inda muke. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.